Yadda Ake Ɗinka Rigar Gaba ta Yara Mai Zariya

Darasinmu na wannan karo a kan ɗinki ne, kuma ɗinki mai sauƙi, wanda mai keke za ta iya, mai allura da zare ma za ta iya. Abin da za mu koya shi ne rigar gaba ta yara, wato 'yar rigar nan da ake ratayawa a wuya a ɗaure ta baya don ta tare datti, wadda masu sayar da abinci a gari suke kira efron. Wadda ta iya karatu a cikinku ta karanta wa saura a hankali. A kuma ajiye ƙyalle da almakashi a tsakiyar tabarma, domin wannan darasi sai hannu ya taɓa ake gane shi sosai.

Kowace uwa ta san abin da koko da miyar kuka da manja suke yi wa gaban rigar yaro. Lokacin mangwaro kuwa ba a magana. Ki wanke riga da safe, kafin azahar ta koma kamar ba ta taɓa ganin ruwa ba. Sabulu yana tafiya, ruwan da wasunmu sai sun yi nisa suke ɗebowa yana tafiya, ita kuma rigar tana koɗewa saboda yawan cuɗa. Rigar gaba ita take ɗauke wannan dattin. Ƙarama ce, ɗauraye ta ba ya cin sabulu, kuma nan da nan take bushewa. Bayan amfanin gida, aba ce da za a iya ɗinkawa a sayar, a samu na zubin mako.

Kuskuren da na yi

Shekarar da na gama difloma na fara aiki da ƙungiyoyin mata, ni ma na shiga ƙungiyar unguwarmu ina zubi kamar kowa. Sai wata malama mai ƙaramar makarantar yara ta ce tana son rigar gaba guda 10, saboda yaranta suna ɓata kayan makaranta lokacin cin abinci. Na ji daɗi, na ci rance a akwati, na sayo yadi, na hau keken yayata. Na auna wuyan ɗiyarta 'yar shekara 4, na yanke igiyar wuya daidai da ita, na ɗinke ta ƙam a jikin kowace riga.

Ranar da na kai kaya na sha kunya. Ashe yara ba kansu ɗaya ba. Wani kansa ya ƙi shiga, wata kitsonta ya tokare, wani ɗan siriri kuma rigar ta sauko masa har kusa da cibiya, ƙirjin da ake so a rufe yana buɗe. Malamar ta ɗauki 4, ta mayar mini da 6. Wa'adin rance kuwa bai san wannan labari ba, yana ta matsowa.

A zaman mako na faɗi abin da ya same ni. Wata dattijuwa a cikinmu, wadda duk muke kira Iya, ta karɓi riga ɗaya ta jujjuya ta, sai ta ce, "Ke 'yar nan, wandon babanki ƙam aka ɗinke masa ƙugu? Ai ƙubaka ake yi a zura zariya, mai ƙiba ya sa, siriri ya sa. Me ya hana ki yi wa wannan haka?" Na ce, "Iya, wallahi tunanina bai kai nan ba." Na koma gida na warware shidan nan, na yi musu ƙubaka, na zura zariya. Duka suka shiga, na biya rancena a kan lokaci. Tun daga ranar irin wannan nake koyarwa.

Yadda take aiki

Rigar tana da gefe biyu a karkace, daga saman ƙirji zuwa ƙarƙashin hammata. A kowane gefe ana yin ƙubaka, irin ta ƙugun wando. Zariya ɗaya doguwa ita take bi ta ciki: tsakiyarta ya zagaye wuya, bakinta biyu su fito ta ƙasa a ɗaure su a baya. In aka ja bakin zariyar, rigar ta hau sama. In aka sassauta, ta sauko. Saboda haka riga ɗaya za ta yi wa yaro tun yana shekara 3 har ya kai 5, ƙaninsa kuma ya gada. Mai saye ba ta bukatar kawo yaro a auna, ke kuma ba kya tsoron a dawo miki da kaya.

Kayan da za ki tanada

- Yadi ko atamfa na auduga, ko tsohon zani mai sauran ƙarfi
- Zare mai kalar da ta dace da yadin
- Allura, ko keken ɗinki
- Almakashi mai kaifi
- Tef na awo, in babu a samu igiya
- Alli, ko ɓallin sabulu da ya sirance, don yin alama
- Fil babba mai makulli don zura zariya
- Dutsen guga
- Tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti da aka goge, don yanka samfuri

Zaɓen yadi

Auduga ta fi dacewa. Tana tsotse abin da ya zuba, tana jure wanki, ba ta sa yaro zufa. Yadin roba kuwa in wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata. In kina shakka, ki yanki ɗan guntu kamar farce, ki riƙe shi da cokali a tsakar gida nesa da yara, ki kusanta masa ashana. Auduga takan ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba yakan nannaɗe ya narke, ya bar ɗan dunƙule mai tauri.

Ki zaɓi kala mai duhu ko zane mai cika, domin shi yake ɓoye tabo. Zanen da ba shi da sama da ƙasa ya fi, saboda za ki iya yanka shi ta kowace fuska ba asara.

Kafin almakashi ya taɓa sabon yadi, ki wanke shi, ki shanya, ki goge. Sabuwar auduga takan tsuke a wankin farko, wata kuma ta zubar da kala. In kika ɗinka kafin ki wanke, ƙubakar za ta iya tsukewa zariya ta ƙi motsi, aikin kuma ya tashi a banza.

Awo

Da inci za mu yi awo, kamar yadda teloli suke yi. Yadi ɗaya inci 36 ne. Wadda ta saba da santimita ta juya tef ɗinta, awon yana ɗaya fuskar, kuma inci ɗaya ya ɗan ɗara santimita 2 da rabi.

Ƙarama, ta 'yan shekara 3 zuwa 5:
- Jiki: faɗi inci 18, tsawo inci 22
- Alamar sama: inci 4 da rabi daga ninki
- Alamar gefe: inci 8 daga sama
- Zariya: guntu 2, kowane faɗi inci 3, tsawo inci 37
- Aljihu: inci 6 da inci 8

Babba, ta 'yan shekara 6 zuwa 9:
- Jiki: faɗi inci 20, tsawo inci 26
- Alamar sama: inci 5 daga ninki
- Alamar gefe: inci 9 daga sama
- Zariya: guntu 2, kowane faɗi inci 3, tsawo inci 41
- Aljihu: inci 7 da inci 9

An riga an haɗa na kalmasa a cikin waɗannan awon, ba sai kin ƙara komai ba.

Wadda ba ta da tef kada ta ce aikin ya fi ƙarfinta. Ki ɗauki igiya ki auna daga ƙasan maƙogwaron yaro zuwa gwiwarsa, wannan shi ne tsawo. Ki sake aunawa daga gefen ciki na dama, ta gaba, zuwa na hagu, ki ƙara faɗin tafin hannunki biyu, wannan shi ne faɗi. Abin da ya fi sauƙi ma, ƙungiya ta yanka samfuri ɗaya a takarda ta ajiye wurin sakatariya, kowa ta ara ta ɗora a kan yadinta ta zana.

Yanka

1. Ki yanka jikin rigar mai kusurwa huɗu bisa awon da kika zaɓa.
2. Ki ninka shi biyu ta tsawo, gefen dama ya hau kan na hagu daidai.
3. A bakin sama, ki auna daga wajen ninkin ki yi alamar sama.
4. A gefen da yake buɗe, ki auna daga sama zuwa ƙasa ki yi alamar gefe.
5. Ki ja miƙaƙƙen layi a karkace ya haɗa alamomin biyu, ki yanka a kan layin, falle biyun a tare. In kika buɗe za ki ga siffar rigar ta fito, sama a tsuke, ƙasa da faɗi.
6. Ki yanka guntayen zariya biyu da aljihu. 'Yan ƙyallayen da suka faɗo kada ki zubar, akwai aikinsu a gaba.

Ga abin da ya kamata mai sana'a ta sani. Faɗin atamfa yakan kai inci 45 ko ya ɗan wuce. In kika kwantar da tsawon rigar a kan faɗin atamfar, jiki biyu na ƙarama za su fita gefe da gefe, su ci inci 18 kacal daga yadin. Sauran inci 18 ya ishi guntayen zariya 4 da aljihu 2. Ke nan yadi ɗaya yana ba da ƙaramar riga 2 cikakku, turmi mai yadi 6 kuma ya ba da 12. Ki zana komai da alli tukuna, ki tabbata ya shiga, sannan ki yanka.

Ɗinkin jiki

A nan jerin aiki yana da muhimmanci. Ƙubaka ita ce ta ƙarshe, don bakinta ya fito a kalmashe. Duk ninkin da za ki yi, zuwa bayan yadi za ki yi shi, ki kuma danne shi da dutsen guga kafin ki ɗinka. Guga ita take miƙar da ɗinki, ko na hannu ne.

1. Bakin sama: ki ninka rabin inci, ki sake ninka rabin inci, ki ɗinka.
2. Gefuna biyu miƙaƙƙu: ki kalmashe su haka nan, rabin inci sau biyu.
3. Bakin ƙasa: shi ma haka.
4. Ƙubaka: a gefen da yake karkace, ki fara ninka kwatan inci ki goge. Ki sake ninka inci 1 da kwata ki goge. Ki ɗinka a can bakin ninkin na ciki, yadda rami zai zauna a buɗe daga sama har ƙasa. Ki maimaita a ɗaya gefen.
5. Farkon ƙubaka da ƙarshenta, ki koma kan ɗinkin sau uku. Nan ne zariya take ja, nan ne kuma yake fara ɓallewa.

Yadin da aka yanka a karkace yana da saurin miƙewa. Kada ki ja shi lokacin guga ko lokacin da yake ƙarƙashin keke, ki bar shi ya tafi da kansa. In kika ja, gefen zai yi lanƙwasa, rigar ta ƙi kwanciya a ƙirji.

Mai ɗinkin hannu ta yi ɗinkin koma-baya, domin shi ne mai ƙarfi kusa da na keke. Ki soka allura ta fito a gaba, ki dawo baya ki soka daidai inda zaren da ya wuce ya tsaya, ta sake fitowa a gaba. Ki yi ƙanana, kusa da kusa.

Aljihu

Yara suna son aljihu, kuma yana sa riga ta shiga idon mai saye. Ki kalmashe gefe ɗaya mai tsawo, rabin inci sau biyu, ki ɗinka, shi ne bakin aljihu. Sauran gefuna uku ki ninka rabin inci sau ɗaya ki goge. Ki ɗora shi a tsakiyar rigar ta fuska, bakinsa ya zauna kamar inci 2 ƙasa da inda ƙubaka ta ƙare. Ki ɗinka gefe, ƙasa, gefe, ki ƙarfafa kusurwoyin sama. In aljihun wata kala ce daban, ya ma fi kyau.

Zariya

1. Ki haɗa guntayen biyu baki da baki, fuska na kallon fuska, ki ɗinka, ki buɗe gaɓar ki goge ta kwanta. Wannan gaɓa ita ce tsakiya, a ƙeya za ta zauna, ba za ta shiga ƙubaka ta maƙale ba.
2. Ki ninka zariyar biyu ta tsawo ki goge, ki buɗe. Layi zai fito a tsakiya.
3. Ki ninko gefe biyu su haɗu a kan layin, ki goge.
4. Ki sake ninkawa biyu. Yanzu ta zama falle huɗu, faɗinta bai kai inci ɗaya ba.
5. Ki tura bakinta biyu ciki kaɗan, ki ɗinka ta daga farko har ƙarshe.

Sai birki. Daga gaɓar tsakiya, ki auna inci 7 ta dama da inci 7 ta hagu, ki yi alama. A babbar riga inci 8 za ki auna. Ki ɗauki ƙyallayen nan da kika ajiye, ki ninka guda biyu su yi kauri, kowane tsawonsa inci 2. Ki ɗora su a gicciye a kan alamomin, ki ɗinke su da ƙarfi sosai, yadda ko an ja ba za su cire ba. Aikinsu shi ne su tokare a bakin ƙubaka, don wuyan rigar ya iya ƙara faɗi amma ba zai tsuke ya wuce nan ba. Wannan ban fara da shi ba, daga baya na ƙara, da na lura in aka fizgi bakin zariya ta ƙasa, wuyan yana matsewa.

Yanzu ki maƙala fil a baki ɗaya, ki zura daga saman ƙubakar dama ya fito ta ƙasa, kamar yadda kike zura zariyar wando. Ɗaya bakin ki zura daga saman ƙubakar hagu. Ki duba kada ta murɗe a wuya. Ki ƙulla kowane baki don kada ya zare a wanki. Ki cire fil ɗin ki adana nesa da yara.

Gwaji

Ki ja zariyar har birki ya tokare, sannan ki gwada sa wa yaro. Dole kansa ya shiga ya fita ba tare da an tura ba. In ya matse, ki warware birkin ki matsar da shi. Ki ɗaure ta baya da ɗaurin da ake kwancewa da ja ɗaya, irin na igiyar takalmi. Ki sa yaron ya ɗaga hannu, ya zauna, ya sunkuya. In ba ta shaƙe shi ba kuma ba ta zame ba, aiki ya yi.

Tsaron yaro

Don Allah a karanta wannan sashe sau biyu. Duk abin da ya zagaye wuyan yaro yana bukatar idon babba.

- Wannan riga ba ta yaron da bai kai shekara 3 ba ce.
- Ana sa ta ne lokacin cin abinci, ko zane, ko taya uwa tsince wake da ɓare gyaɗa. Da an gama a cire a rataye inda hannunsa ba ya kaiwa.
- Kada yaro ya yi barci da ita, kada ya hau bishiya ko katanga da ita, kada a goya shi a keke ko babur da ita.
- Kada a aike shi wurin injin niƙa da ita. Bel ɗin inji yana kama igiya kafin a ankara.
- Rigar gaba ba ta tare wuta. Auduga ma tana ci. Sa wa yaro ita ba izini ba ne ya matsa kusa da murhu ko kaskon suya.
- Kada a yi mata ado da maɓalli ko duwatsu. Yara suna ɓalle su su kai baki ko hanci.
- In an ɗaure, bakin zariya kada ya yi ta reto. In ya yi tsawo a ninka ɗaurin.

Duk wadda kika sayar wa, ki faɗa mata waɗannan da bakinki. Rigakafi ya fi magani, kuma amanar ɗan wani ce a hannunki.

Lissafi kafin rance

Abin da ya ƙara mini zafi a wancan karo shi ne ban yi lissafi ba kafin in ci rance. Ku kada ku bi sawuna. Farashi yana canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa, saboda haka lambobin nan misali ne kawai. Kowace ƙungiya ta sa na garinta.

A ce yadi ɗaya naira 2,000 ne, ya kuma ba ki riga 2. Ga abin da riga ɗaya ta ci:
- Yadi: naira 1,000
- Zare: naira 100
- Sabulun wanki da gawayin guga: naira 50
- Kason kuɗin mota zuwa kasuwa: naira 100
- Ladan hannunki: naira 400

Jimla naira 1,650 ke nan. In kika sayar naira 2,000, ribarki naira 350 ce, ba 1,000 ba kamar yadda mai kallon kuɗin yadi kaɗai za ta zata. In keken haya kika yi amfani da shi, ki sa kuɗinsa. In dokar ƙungiyarku ta ɗora wani abu a kan rance, shi ma ki raba shi a kan rigunan. Ladan hannu kuwa kada ki yafe shi. Lokacin da kika zauna kina ɗinki, da wani aikin kike yi.

Shawarata ita ce a bi mataki uku. Ta farko ki ɗinka da tsohon zani, ɗanki ya sa, a wanke ta sau da yawa ki ga inda za ta ɓalle. Sannan ki sayi yadi ɗaya da kuɗinki, ki ɗinka 2 ki nuna wa mutane. Sai kin samu waɗanda suka ce suna so, sannan ki tunkari akwati. In aikin mai yawa ne, kamar na makaranta, ki karɓi rabin kuɗi kafin ki yanka, a gaban shaida ɗaya daga ƙungiya. In kuma kin karɓa, ki cika alkawari ranar da kika faɗa, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kuɗin da ya shigo ki raba shi uku tun a ranar: na biyan rance, na sayen wani yadin, da naki. Kada uwar kuɗi ta shiga cefane.

Ina masu saye?

Na farko su ne iyaye mata na kusa da ke, musamman masu yara a ajin share fage. Na biyu ƙananan makarantun da yara suke cin abinci a ciki. Zangon farko a watan Satumba yake farawa a makarantun Nijeriya, saboda haka a je da samfuri tun ana hutu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, wannan tsarin dai in aka ƙara masa faɗi da tsawo ya zama na manya, masu tuwo-tuwo da masu awara da masu wankau duk suna bukata.

In mata da yawa a ƙungiya suna sha'awa, kada kowa ta sayi yadinta daban. Ku haɗa kuɗi ku sayi turmi, mutum ɗaya ta je kasuwa, kuɗin mota ya ragu. Ku raba aiki: mai hannun yanka ta yanka, mai keke ta ɗinka jiki, masu allura su yi zariya da birki, mai baki ta fita da kaya. Sakatariya ta rubuta abin da kowa ta sa da abin da kowa ta yi, a karanta a gaban kowa, don kada rabo ya kawo ɓacin rai. Ku kuma tambayi telolin garinku ragowar ƙyalle, yana isa aljihu da birki.

Irin wannan tsari namu na zubi da rance a akwati, a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ƙungiyar CARE ta fara shi a shekarar 1991, da sunan Mata Masu Dubara. Nakan tuna wannan suna duk lokacin da na zura zariya, domin dabarar da ta fitar da ni daga bashi a bakin Iya na same ta, a zaman mako. Saboda haka in wata a cikinku ta ga hanyar da ta fi wadda na rubuta, ta faɗa a gwada.

Abin tattaunawa a zaman mako

1. Sau nawa kike wanke rigar ƙaramin yaronki a mako, kuma sabulun nawa yake ci?
2. Nawa ne yadin auduga a kasuwarku yanzu? Ku sake lissafin da ke sama da farashinku.
3. Su wa za su iya saye a garinku, kuma nawa za su iya biya?
4. Wa take da keke, wa take da dutsen guga, wa ta iya yanka?
5. Kowa ta faɗi doka ɗaya ta tsaron yaro ba tare da an duba littafi ba.

Aikin gida: kowa ta zo zama na gaba da tsohon zani wankakke, da allura da zare. Za mu yanka samfurin takarda tare, kowa ta fara tata a nan. Wadda take da yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 ta zo da shi a gwada. Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya raya mana zuri'a.